Sharhi: Wa ke cin kasuwar injuna da motoci a tsibirin Mauritius?

A duk lokacin da ofisoshin ciniki na ƙasashe masu ci gaban masana'antu suka fitar da bayanansu game da tsibirin Mauritius, akan ga injuna da kayan sufuri a cikin jerin abubuwan da suke kwaɗaita wa kamfanoninsu su kai can. Dalilansu ba ɓoyayyu ba ne. Ƙasar ba ta ƙera mota, ba ta ƙera injin saƙa ko na wutar lantarki, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da take kashewa wajen sayo kaya daga ƙetare a kan irin waɗannan kayayyaki yake tafiya. Kuɗin fito ba shi da yawa, kotuna suna aiki, ba a taɓa yin juyin mulki ba tun da ƙasar ta sami 'yancin kai daga Birtaniya a shekara ta 1968, sannan abin da ɗan ƙasa ke samu a shekara yana cikin mafi tsoka a nahiyar Afirka. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan bayani. Sai dai kuma kamfanin da ya dogara da shi kaɗai ya loda kaya a jirgi, yana iya komawa gida hannu rabbana, domin a kasuwa irin wannan ingancin ƙarfe ba ya isa ya sayar da inji. Abin da ke sayar da shi abu biyu ne: wanda zai ba da bashin saye, da wanda zai zauna ya riƙa gyara.

Da farko ya kamata a dubi girman wurin. Babban tsibirin, wanda ke cikin Tekun Indiya kimanin kilomita 2,000 daga gaɓar Afirka, tsawonsa bai wuce kilomita 65 ba, faɗinsa kuma 45. Jama'ar ƙasar baki ɗaya ba su kai miliyan 1 da dubu 300 ba, kuma yawan haihuwa ya ragu har adadin ya daina ƙaruwa. Amma duk da haka motoci da babura masu rajista sun haura 600,000, wato kusan abin hawa ɗaya ga kowane mutum biyu, abin da ya sa cunkoso a kan babbar hanyar da ta haɗa Curepipe da Port Louis, babban birnin ƙasar, ya zama ruwan dare safe da yamma. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, masu sayen motar farko a rayuwarsu ba su da yawa kamar a manyan biranen Afirka. Galibi tsohuwa ake sauyawa da sabuwa.

Idan aka koma ga manyan injuna kuwa, masu sayen ana iya ƙirga su da yatsun hannu. Tashar jiragen ruwa ta kasuwanci guda ɗaya ce, a Port Louis. Babban filin jirgin sama guda ɗaya ne, a Plaisance. Hukumar wutar lantarki ta CEB ita ce ke riƙe da layukan rarraba wuta, kuma ita ce ke sayen wutar da kamfanoni masu zaman kansu ke samarwa. Kowace ɗaya daga cikinsu takan yi babban saye sau ɗaya, sannan ta yi shiru na tsawon shekaru. Kamfanin da kwangila ta kuɓuce masa a bana, ba shi da wata tasha ta biyu ko hukuma ta biyu da zai juya wa, sai dai ya jira injin abokin hamayyarsa ya tsufa.

Tarihin sukari ya nuna yadda adadin masu sayen ya riƙa raguwa. A tsakiyar ƙarni na 19 akwai masana'antun matsar rake fiye da 200 a tsibirin. A lokacin samun 'yancin kai sukari ne ke kawo fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin kayan da ƙasar ke fitarwa, kuma a 1973 abin da aka sarrafa ya haura tan 700,000. Bayan da Tarayyar Turai ta rage farashin da take biya da kashi 36 cikin 100 tsakanin 2006 da 2009, ta kuma soke yarjejeniyar sukarin da ta daɗe tana kare ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik, sai masana'antun suka riƙa haɗewa, wasu suna rufewa, har suka koma uku: na kamfanonin Alteo da Terra da Omnicane. Sukarin da ake samu a 'yan shekarun nan bai kai tan 250,000 ba. Wani zai ce ai kasuwar ta mutu ke nan. Ba haka lamarin yake ba. Waɗannan masana'antu uku sun fi na da girma da zamani, suna kuma ƙona tuƙar rake a cikin manyan tukwanen tururi don samar da wutar lantarki da suke sayar wa CEB. A gonaki kuma, da yake matasan ƙasar sun juya wa yankan rake baya, injin yanka da na loda kaya ya zama dole a duk inda yanayin ƙasa ya yarda, ko da yake duwatsun da aman wuta ya bari a filayen tsibirin sukan tilasta a fara share gona da manyan katafiloli kafin inji ya shiga. Haka abin yake a masaƙu. Tun bayan ƙarewar tsarin kason tufafi na duniya a farkon 2005, kamfanonin da suka rage ko dai sun mayar da ɗinki Madagaska da Asiya, ko kuma sun zuba kuɗi a injunan da ke rage yawan ma'aikata, waɗanda da yawansu ma daga Bangladesh da Indiya da Nepal da Madagaska ake ɗauko su. Ƙarancin ma'aikata, ba yawan masu saye ba, shi ne ke riƙe da wannan kasuwa.

To wa ke cin manyan kwangilolin? Aikin jirgin ƙasa na Metro Express ya isa misali. Mauritius ta taɓa mallakar layin dogo tun daga 1864, amma aka rufe shi a 1964 aka koma kan motoci. Shekaru fiye da 50 bayan nan, da cunkoso ya yi ƙamari, sai gwamnati ta yanke shawarar shimfiɗa sabon layi mai tsawon kilomita 26 daga Port Louis zuwa Curepipe. A 2016 Indiya ta ba ƙasar tallafin dala miliyan 353, wanda kaso mafi tsoka ya tafi ga wannan aiki, sannan a 2017 ta ƙara da rancen dala miliyan 500 mai rangwame don ayyuka daban-daban, har da na jirgin. A cikin wannan shekarar ne aka ba kamfanin Larsen & Toubro na Indiya kwangilar ginin. An ƙaddamar da kashin farko a watan Oktoban 2019, jirgin kuma ya isa Curepipe a 2022. Babu wanda ya yi mamakin ganin kwangilar ta bi kuɗin zuwa ƙasar da suka fito, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Amma akwai wani abin lura a nan wanda masu neman kasuwa kan manta da shi. Jiragen 18 da aka fara aiki da su a kan layin ba ƙirar Indiya ba ne. Kamfanin CAF na ƙasar Sifen ne ya ƙera su, ya sayar ta hannun ɗan kwangilar. Wato Turawan sun shigo ne ta ƙofar da Indiya ta buɗe, kuma da yake ƙafafun jirgi da birki da na'urorin lantarki duk suna da wa'adi, cinikinsu da tsibirin bai ƙare a ranar da aka yanke ƙyalle ba. Ga ƙaramin kamfani ko matsakaici, wanda gwamnatinsa ba za ta taɓa ba da rancen miliyoyin dala ba, wannan ita ce hanya mafi kusa da gaskiya: ya san wanda zai ci babbar kwangilar, ya nemi zama mai ba shi wani ɓangare na kayan.

Ƙasar Sin ma wannan salo take bi. Rancen bankinta na Exim ne ya gina sabon ginin fasinjoji na filin jirgin saman Plaisance da aka buɗe a 2013, haka kuma madatsar ruwa ta Bagatelle, kuma kamfanoninta ne suka yi ayyukan. A ranar 1 ga Janairun 2021 yarjejeniyar ciniki maras shinge tsakanin Sin da Mauritius ta fara aiki, irinta ta farko da Sin ta ƙulla da wata ƙasar Afirka. Watanni uku bayan haka, a ranar 1 ga Afrilu, ta Indiya ita ma ta fara aiki. A 2025 kuma rukunin farko na motocin bas 100 masu aiki da lantarki da Indiya ta yi alkawari ya isa tsibirin, ƙirar Switch Mobility, reshen kamfanin Ashok Leyland. Bisa ga dukkan alamu, gasar da ƙasashen biyu ke yi don neman gindin zama a Tekun Indiya tana da hannu a cikin wane inji ne zai sauka a Port Louis fiye da kowane bajekolin kayan masana'antu.

Ƙarancin manyan kwangiloli yana da wata illa da ba a cika rubutawa a cikin takardun talla ba. Inda kwangila ɗaya ke iya zama ribar shekaru, jarrabawar bi ta bayan fage takan yi ƙarfi. A watan Yunin 2020 Bankin Raya Afirka ya sanar da hana kamfanin BWSC na ƙasar Denmark shiga ayyukan da bankin ke biya na tsawon watanni 21, bayan bincikensa ya nuna cewa an ba wasu jami'ai kuɗi ta hannun 'yan tsakani don samun bayanan sirri kan kwangilar sabunta tashar wutar Saint Louis. A cikin watan ne firayim minista Pravind Jugnauth ya sauke mataimakinsa Ivan Collendavelloo, wanda shi ne ministan makamashi, ko da yake ya musanta aikata wani laifi. A ƙasar da manyan 'yan kasuwa da jami'ai kusan kowa ya san kowa, sunan da ya ɓaci sau ɗaya yana da wuyar wankewa.

Kasuwar ƙananan motoci kuwa tana da nata sharuɗɗa. Mauritius ta gaji tuƙi a hannun hagu daga Birtaniya, saboda haka motar da sitiyarinta ke dama take buƙata. Wannan shi ya ba Japan damar mamaye titunan tsibirin shekaru da dama, da sababbin motoci da kuma na hannu, waɗanda doka ta ƙayyade yawan shekarunsu kafin a shigo da su. Indiya da Koriya ta Kudu da Afirka ta Kudu suna biye. Abin da ya fi juya wannan kasuwa kuwa shi ne jawabin kasafin kuɗi na kowane watan Yuni. A 2022 gwamnati ta cire harajin musamman daga motocin lantarki da masu haɗa fetur da lantarki, nan da nan cinikinsu ya haɓaka, motocin Sin irin su BYD suka sami shiga. A 2025 sabuwar gwamnatin Navin Ramgoolam, wadda ta lashe zaɓen Nuwamban 2024, ta maido da harajin, ta kuma ƙara na sauran motoci, da nufin rage kuɗin ƙetare da ke zurarewa. Dillalin da ya yi odar kayansa bisa tsohon lissafi, shi ya san halin da ya shiga. A kan wannan kuma ga faɗuwar darajar kuɗin ƙasar: dala ɗaya da ake saye a kan kimanin rupi 36 a 2019 ta haura rupi 45 a 2024, kuma kowane inji da dala ko yuro ko yen ake biyansa.

Sannan ga teku. Iskar da ke kaɗawa daga kowace kusurwa tana ɗauke da gishiri, kuma ƙarfen da zai yi shekara 20 a cikin tudu yana iya yin tsatsa cikin 'yan shekaru a gaɓar tsibirin idan ba a yi masa fenti da rufin da ya dace ba. Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin mahaukaciyar guguwa ne. A ranar 15 ga Janairun 2024 guguwar Belal ta sa ruwa ya malale tsakiyar Port Louis, ya yi awon gaba da motoci a kan titi. Idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi akan dakatar da sauke kaya a tasha. A irin wannan wuri, injin da ya tsaya saboda wani ɗan ƙaramin ƙarfe ba a samunsa a garin da ke kusa, domin babu garin da ke kusa. Ko dai a jira jirgin ruwa na makonni, ko a biya kuɗin jirgin sama. Masana'antar sukarin da injinta ya tsaya a tsakiyar kakar yanka, tsakanin Yuni da Disamba, ba za ta iya ajiye raken da aka riga aka yanke ba, domin zaƙinsa raguwa yake yi kowace rana. Shi ya sa manajan sayayya a can kan tambayi ina ɗakin ajiyar kayan gyara yake, kuma makanikai nawa aka horar, kafin ya tambayi farashi. Araha ba ta ado, balle a tsakiyar teku.

Hatsarin jirgin Wakashio ya nuna abin da rashin kayan aiki a kusa ke jawowa. Jirgin, mallakar wani kamfanin Japan, ya hau kan murjani kusa da Pointe d'Esny a ranar 25 ga Yulin 2020, kuma daga 6 ga Agusta ya zubar da mai kimanin tan 1,000 a cikin ruwan da masunta da masu yawon buɗe ido suka dogara da shi. Yayin da ake jiran kayan tare mai daga ƙasashen waje, jama'ar gari ne suka riƙa ɗinka shingaye da ganyen rake da gashin kai. A ƙarshen watan kuma wani jirgin hukumar tashar mai jan manyan jirage ya nutse a yayin aikin, wasu daga cikin ma'aikatansa suka rasa rayukansu. Jiragen ja, da kayan tare mai, da injunan ɗaga kwantena, buƙatu ne na haƙiƙa, musamman tun daga ƙarshen 2023 da hare-hare a Bahar Maliya suka sa jirage da dama suka koma zagayawa ta kudancin Afirka, wasunsu suna tsayawa shan mai a Port Louis.

Wata magana da ake yawan nanatawa ita ce, Mauritius ƙofa ce ta shiga Afirka. Hukumomin ƙasar sun kafa yankin ciniki maras haraji a tasha tun 1992, kuma ƙasar mamba ce a ƙungiyoyin SADC da COMESA. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mai son kai tarakta Zambiya ko Yuganda ba shi da dalilin fara sauke ta a wani tsibiri mai nisan kilomita 2,000, alhali ga Durban da Darussalam da Mombasa. Hatta tsibiran da ke maƙwabtaka ba kasuwa ɗaya ba ce. Reunion, mai tazarar kimanin kilomita 200, yanki ne na Faransa, da ƙa'idojin Tarayyar Turai take aiki, kuma a hannun dama ake tuƙi, haka ma Madagaska da Komoros. Motar da ta dace da Port Louis ba ta dace da Saint-Denis ba. Abin da ke ratsawa ta Mauritius zuwa nahiyar galibi takardu ne da kuɗi. Sai dai wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayar da inji, domin kamfanonin tsibirin sun zuba jari a masana'antun sukari a Tanzaniya da Kenya da Cote d'Ivoire, da masaƙu a Madagaska, kuma injiniyan da ya gamsu da wani inji a gida shi ne zai ba da shawarar abin da za a saya a can.

Ina matsayin masu ƙere-ƙere na Afirka a cikin wannan? Afirka ta Kudu ce kaɗai ke da ƙafa sosai. Tana tuƙi a hagu kamar Mauritius, kamfanin Toyota na haɗa Hilux a Durban, kamfanin Bell na Richards Bay kuma daga injin loda rake ya taso. A yammacin nahiyar labarin dabam ne. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Ghana ta bi sahu a 1974, saboda haka motocin da ake haɗawa a Nnewi ko Tema don titunan gida ba su dace da tsibirin ba. Gaskiya ne cewa Mauritius na cikin ƙasashen da suka fara gwajin ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka a watan Oktoban 2022, tare da Ghana da Kamaru da Masar da Kenya da Ruwanda da Tanzaniya. To amma fifikon da irin wannan yarjejeniya ke bayarwa rangwamen kuɗin fito ne, Mauritius kuwa ta riga ta soke kuɗin fito a kan fiye da kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya ga kowa da kowa. Harajin VAT na kashi 15 cikin 100 da harajin musamman na motoci ba sa tambayar asalin kaya. Injin da aka ƙera a Accra ko Duwala zai shiga tasha ne kafaɗa da kafaɗa da na Shanghai, ba tare da wata garkuwa ba, kuma babu bankin gwamnati a bayansa. Masu yi wa ƙananan masana'antun Afirka albishir da wannan kasuwa ya kamata su faɗa musu wannan tun kafin su kashe kuɗin tikiti.

Ita kanta Mauritius lamarin bai bar ta ba. Kayan da take sayowa sun ninka waɗanda take fitarwa fiye da sau biyu, kuɗin yawon buɗe ido da na harkar bankuna ne ke cike giɓin. Bashin gwamnati ya haura kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, kuma bayanin halin tattalin arziki da sabuwar gwamnati ta gabatar a Disamban 2024 ya sanya kamfanin Metro Express a cikin waɗanda ke tafka asara. Kamfanin jiragen sama na Air Mauritius, wanda ya yi odar sababbin jiragen Airbus, ya shiga hannun masu riƙon ƙwarya a Afrilun 2020, sai da gwamnati ta zuba kuɗi kafin ya fito a 2021. Burin da aka bayyana a 2021 na samar da kashi 60 cikin 100 na wuta daga makamashin da ake sabuntawa tare da daina ƙona kwal yana nufin sayen allunan hasken rana da manyan batura da sababbin tukwanen tururi, dukkansu daga ƙetare, galibinsu kuma da bashi.

A nan ne ya kamata mahukuntan Port Louis su nuna irin wayon da suka nuna a cinikin sukari da tufafi. Ƙasar da ta iya sa Sin da Indiya suka sa hannu a kan yarjejeniyoyi biyu da ita cikin ƙanƙanen lokaci, tana da ikon rubuta wa kowace kwangila sharaɗin ajiye kayan gyara a cikin tsibirin, da horar da makanikan gida, da ba su damar buɗe na'urar kwamfutar da ke cikin injin ba sai an jira injiniya daga Chennai ko Shenzhen ba. Hannun da zai yi aikin yana nan: masana'antar gyaran jiragen ruwa ta CNOI da ke Port Louis ta daɗe tana gyara jiragen kamun kifin tuna da ke aiki a yankin. Motocin bas 100 na lantarki su ne za su fara gwada wannan, domin batirinsu zai gaji tun kafin jikin motar ya tsufa, kuma a ranar da za a sauya shi mai sayarwa ɗaya ne kawai zai san irin wanda ya dace da su.